Yana Can Wajensu

Ni dai Allah ya yi ni da son shiga mutane. In mutum uku suka zauna a benci, na huɗun ni ne, ko an kira ni ko ba a kira ni ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce tun ina rarrafe ba a ajiye ni a tabarma a dawo a tarar da ni. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin wani abin dubawa ba sai bayan da na yi ritaya, kuma ko a lokacin sai da aka yi mini bayani dalla-dalla.

A Safana aka haife ni, can na yi firamare, can dangina suke. Aikin malamin gona ne ya kai ni Batsari. Na je da niyyar in ɗan taɓa shekara biyu in nemi canji, sai ga shi a can na aurar da 'ya'yana mata, autan kuma ya tafi karatu Katsina. Mutanen Batsari ba su taɓa daina ce mini mutumin Safana ba. Mutanen Safana kuwa tuni suka sallama ni, in na sauka daga mota sai in ji ana cewa ga baƙon Batsari nan ya iso. Ni kuma daɗi abin yake yi mini, don a ganina na fi kowa riba, gari biyu gare ni.

Majalisata ta farko ita ce ta ma'aikata, ƙarƙashin wani icen bedi, wato darbejiya, da ke kusa da sakatariya. Shugabanta wani tsohon hedimasta ne mai muryar da ba ta san an tashi daga makaranta ba. Ni da shi ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, daga farashin taki har ranar da damina za ta sauka. In ya ƙure ni da gardama sai in kaɗe riga in hau babur in wuce gidan kallon ƙwallo, inda samarin da na haifi kamarsu suke ce mini Baba Koci, saboda yadda nake ba 'yan wasan cikin talabijin umarni su kuma suna ƙin bi. Ina cikin kwamitin masallacin wata unguwa da na taɓa zama haya, kuma aikina a can bai wuce goyon bayan wanda ya yi magana a ƙarshe ba. Ga ƙungiyar manoman rogo da dankali, waɗanda suka naɗa ni mai ba da shawara don ba su san inda za su ajiye ni ba. Ƙarshen mako kuma in hanya ta yi kyau sai Safana, wajen tsararrakina da muke ciyayya bayan magariba, kowa ya fito da kwanon gidansa a haɗa a ci tare. Nawa kwanon daga gidan ƙanena yake fitowa, kuma a wajen nan ba malam ba koci, da sunan da aka laƙaba mini muna aji biyu ake kirana, wanda ba zan rubuta shi a nan ba ko da an matsa mini.

Abin da nake kaiwa kowane wuri labari ne. In na ji abin dariya a gindin bedi da hantsi, kafin la'asar na sayar da shi a wajen manoma, ranar Asabar kuma in kai shi Safana da ƙarin gishiri. Labari guda yakan yi mini mako yana aiki. Ban taɓa kwana da fushin wata majalisa ba, don kafin rana ta faɗi na riga na kai ƙararta wata majalisar, an ba ni gaskiya ba tare da an ji ta bakin kowa ba. Salla ma inda ta riske ni nan nake yin ta, shi ya sa babu limamin da zai iya rantsewa cewa ni mamunsa ne.

Saboda haka kowa ya saba da rashina. In aka waiga ba a gan ni ba a gindin bedi, wani zai ce yana can wajensu, a ci gaba da hira. Haka ake faɗa a gidan ƙwallo, haka ake faɗa a Safana. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi su wane ne su ɗin. Na sha jin an ba ni labarin haka, kuma har ga Allah kaina kumbura yake yi, don na ɗauka alama ce ta mutumin da ake rububinsa.

Ranar da na yi ritaya an sha lemo a ofis, an yi jawabai, an faɗi halayena na kirki har da waɗanda ban san ina da su ba. Duk wanda ya kama hannuna sai ya tambaye ni yaushe za a koma gida, wato Safana, don haka ma'aikaci yake yi in ya gama. Ni kuwa ko da wasa ban yi niyyar komawa ba. Na gina ɗan gidana a bayan gari, cikin sabuwar unguwa, inda maƙwabtana duk mutanen ƙauyukan wajen Ruma ne da rashin zaman lafiya ya koro, ba su san ni da komai ba sai mai jan babur ɗin nan da ba ya zama. Amma faɗin cewa ba inda za ni ya yi mini ƙaranci a baki, sai na riƙa amsawa da ana nan ana shiri. Na faɗi haka a ofis, na faɗa a gindin bedi, na faɗa wa kwamiti, har na fara jin daɗin yadda ake cewa za a yi kewata.

Watannin farko ban ga wani bambanci ba. Ina tashi in yi wanka in sa hula in fita kamar mai zuwa aiki. Abin da ya fara taɓa ni ƙaramin abu ne, ina ma jin nauyin faɗinsa. Muna zaune a gindin bedi sai ga wani manomi daga Yasore da na yi shekaru ina shiga gonarsa, riƙe da ganyen masara da tsutsa ta cinye. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi ya aka ji da hutawa. Ni kuma tuni na miƙa hannu zan karɓi ganyen, har na shirya abin da zan ce. Sai ya tambaye ni ko na san inda zai sami sabon malamin gona. Hannun nan da ke miƙe na rasa yadda zan yi da shi, sai na kai shi ga hulata na gyara mata zama, alhali ba abin da ta yi. Na nuna masa ofis. Na tabbata hedimasta ya gani, don ranar bai yi mini gardama ba sam.

Ba a daɗe ba aka katse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Wanda ya zauna a wajenmu lokacin ya san yadda aka yi. Waya ta koma fitila da agogo. Mai son ya ji muryar ɗansa sai ya shiga mota ya nufi Katsina. Hanyar Safana kuma ta koma sai dole, mutum ba ya hawanta don zuwa cin tuwo. A cikin wannan hali, ƙarshen damina, zazzaɓin sauro ya kayar da ni.

Zazzaɓin bai yi wani ƙarfi ba, na sha magani ya sauka cikin 'yan kwanaki. Amma tun rana ta biyu na sa uwargida ta share zaure ta shimfiɗa babbar darduma, don na san za a cika gidan da 'yan dubiya, har ina tunanin inda za a jera babura. Na tanadi yadda zan ba da labarin ciwon, da inda zan sa nishi, da inda za a yi dariya. Duk ƙarar babur da na ji sai in gyara kwanciya in ja mayafi in marairaice fuska. Babur ya zo ya wuce. Wani ma ya tsaya daidai ƙofar gida, har na fara nishi, ashe mai kai wa maƙwabta niƙa ne.

Da jiki ya warware ba wanda ya leƙo, sai na yi fushi. Na ce wa kaina ba zan taka ƙofar gida ba sai an zo an neme ni, in ga iyakar mutanen nan. Dattijo da furfurarsa, mai jikoki, ya kwanta yana gwada gari biyu, su kuma ba su ma san an ba su jarrabawa ba. Don tsabar wauta har na gaya wa uwargida in wani ya yi sallama ta ce ba na nan. Ta dube ni ta ce to. Ba ta sami damar yin ƙaryar ba, don ba wanda ya yi sallamar.

Ban san ranar da fushin ya ƙare wani abu ya maye gurbinsa ba. Na dai wayi gari na ga ko da na so fita ba zan iya ba. Ba inda ke mini ciwo, amma sa riga ya zama aiki, wanka ya zama aiki. Abinci ya koma kamar dusa a bakina. Rediyon da ba na rabuwa da shi na kashe shi na tura ƙarƙashin gado. Da rana barci, in na farka kuma in kafa wa rufin ɗaki ido. Sallolina a ɗaki nake yinsu, a makare, har Juma'a ta zo ta wuce ina jin huɗuba daga nesa, ina jin kunyar Allah da kunyar kaina, amma ƙafa ta ƙi. Tunani guda ne yake ta zagaya mini. Ashe duk shekarun nan ba ni ake so ba, labarin ake so, kuma labari kowa ma zai iya kawo shi. Benci bai ragu da komai ba don na tashi. Na ji baƙin ciki irin wanda ban ji ba tun rasuwar mahaifiyata, kuma na ji tsoro, don wancan na san dalilinsa, wannan kuwa in aka tambaye ni ban san abin da zan nuna ba.

Uwargida ta yi iya yinta. Ta dama fura, ta yi kunun gyaɗa, ta yi dambun da ta san ba na mayarwa, duk na taɓa na ture. In ta ce in fito tsakar gida in sha iska sai in ce ta ƙyale ni. Sau ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ko asibiti za mu?"

Na ce in je in ce wa likita me, ba a gaishe ni ba?

Ta ɗauki kwanon ta fita. Dardumar nan kuwa tana zaure, kaji sun mai da ita tasu, ba wanda ya naɗe ta, don ni ban ce a naɗe ba ita kuma ba ta tambaya ba. An yanke gero, an fara kai amfani gida, duk ina kwance.

Wata ranar kasuwa bayan azahar na ji sallamar da ko a kabari na ji ta zan gane mai ita. Hedimasta ne. Bai jira an ce ba na nan ba, ya ce a gaya wa mai gidan in bai fito ba su za su shigo. Na fito daga ni sai singileti da zane, gemu ya yi buzu-buzu, ido ya faɗa. Zaure cike. Ga mutanen gindin bedi, ga biyu daga kwamitin masallaci, ga shugaban manoma, ga wasu samarin gidan ƙwallo a tsaye a waje don ba wuri. A can lungu kuma, da zabirarsa a kafaɗa, ga wani abokina wanzami daga Safana wanda muka yi aji ɗaya, mutumin da ya fi kowa iya ci mini mutunci a wajen ciyayya. Jawabin da na tanada tun kwanakin zazzaɓi na neme shi na rasa. Na zauna a kan dardumar da kaji suka gama da ita na sunkuyar da kai.

Hedimasta ne ya ba da labarin yadda aka yi. Ya ce yana rumfar masu hatsi sai ya hangi wanzamin, ya tare shi ya ce ashe haka ake yi, mutanen Safana, kun karɓe mutuminku ko sallama ba ku bari ya yi ba. Wanzami ya ce wane mutum, mu da muke cewa ku kuka riƙe shi, rabonmu da shi tun kafin a ɗauke waya. Suka tsaya suna kallon juna. Suka nemi ɗan kwamiti, ya ce shi ya ɗauka ina wajen manoma tunda kaka ta yi. Shugaban manoma ya ce ai ya ji da kunnensa ina cewa ana shiri, ya ɗauka shirin ya kammala. Samarin ƙwallo suka ce su sun zaci tuba na yi. Aka yi dariya, ni ma na buɗe baki kamar mai yi.

To, 'yan dubiya ba sa tashi sai an ba su sunan ciwo, sai na ce taifot ne. Nan take kowa ya zama likita. Wani ya ce sassaƙen kaza, wani ya ce a dafa ganyen gwanda da na mangwaro in yi surace, ɗan kwamiti ya ce zai aiko da rubutu, wani saurayi daga waje ya ce ƙarin ruwa kawai za a yi mini in miƙe. Na amsa wa kowa da in sha Allahu. Aka yi addu'a aka fara watsewa.

Wanzamin bai tashi ba. Da zaure ya rage daga ni sai shi sai hedimasta, ya kwance zabira ya ce a kawo ruwa. Na ce ba yau ba. Ya ce, "Kai, rufe mamu baki. Da wannan kan za ka mutu a ce daga garinmu kake?" Ya dafa kaina da hannu ɗaya ya karkatar da shi yadda yake so, kamar yadda yake yi tun muna samari, ya shiga jiƙa gashin yana murzawa. Rabon da wani ya taɓa ni haka na manta. Hawaye suka zubo mini, na bar su suka bi ruwan askin suka gangara, shi kuma ya ci gaba da zagin siffar ƙeyata, wai tun muna aji biyu take a karkace har yau ba ta daidaita ba. Hedimasta ya juya mana baya yana karanta wata tsohuwar kalanda da ke jikin bango kamar zai yi jarrabawa a kanta. Da aka gama aski wanzami ya ƙi zama cin abinci, ya ce yana so ya kama hanya da sauran rana.

Ba zan ce na warke a ranar ba. Abin ya ɗauki lokaci, yana tafiya yana dawowa. Hedimasta ya mai da gidana hanyarsa, kullum da hantsi sai ya zo ya faɗi wata magana da ya san ba zan iya haƙuri da ita ba, kamar cewa takin gargajiya ba ya komai, sai ya zauna yana jira. Ranar da na kasa daurewa na ce masa bai san abin da yake faɗa ba, na ga ya yi murmushi. Shi ne kuma ya ja ni asibiti daga baya, aka auna ni aka ce jinina ya ɗan hau, likitan ya yi mini tambayoyi a kan barci da cin abinci da abin da nake tunani, ya ce damuwa ce, kuma ciwo ce kamar kowane ciwo. Ni dai a waje taifot na ci gaba da cewa.

A nan ne yawan majalisun nan ya yi mini rana, gaskiya ban isa in musa ba. Ranar da ba na iya zaman gindin bedi, don hirarsu duk ta ofis ce tana tuna mini abin da na rasa, sai in lallaɓa gidan ƙwallo, inda ba mai tambayarka komai, ka zauna a cikin hayaniya ba wanda ya damu da ko ka taɓa aiki. Ranar da hayaniya ta yi mini yawa sai in tafi zaman kwamiti, inda in ka yi shiru ake ɗauka tunani mai zurfi kake yi. Shugaban manoma kuma ya ɗora mini duba 'yan filayen da aka ara wa maƙwabtana 'yan gudun hijira a gefen gari, sai ga ni ina tsugune ina juya ganye ana saurarona. Da aka maido da waya hanya kuma ta ɗan lafa, na je Safana, aka kira ni da mummunan sunan nan tun daga nesa, na ci tuwo har na nemi ƙari. Da wuri ɗaya gare ni, kuma wurin ya zama wanda ba na iya shiga a lokacin, ban san yadda zan yi ba.

Da na miƙe sosai sai na koma gidan jiya, har na fi da. Na sami sabon labari, kuma ya fi duk waɗanda na taɓa yawo da su, wato labarin haɗuwar hedimasta da wanzami a rumfar hatsi. Na ba da shi a Batsari, na ba da shi a Safana, na ba da shi a cikin mota. Kowane bayarwa yana ƙara ƙiba. Har ya kai ga sun kusa cin kwalar juna a kaina, zabira ta faɗi, asake sun watse, 'yan kasuwa sun taru ana rabo. In na ba da shi a gaban hedimasta sai ya ce haka aka yi, ya kau da kai. Daga nan na zama mai wa'azi. Duk wanda ya kusa ritaya sai in zaunar da shi in ce ya yawaita jama'a, ya shiga nan ya shiga can, don ni da ba don mutanena sun yi karo da juna a kasuwa ba da yanzu wani zancen ake yi.

Wata rana da damina ta zagayo, ruwa ya tsare ni a gida bayan la'asar. Uwargida tana zaune a rumfa tana yanka kuɓewar da za ta shanya in rana ta fito. Da na rasa wanda zan yi wa wa'azin sai na juya kanta. Na ce ita fa zamanta ya yi yawa, ba ta da ko'ina sai Islamiyyar matan aure da take zuwa da yamma. Na ce ta shiga ƙungiyar mata, ta shiga ta unguwa, ta riƙa fita, mutum ba ya dogara da wuri ɗaya. Na ce ta dube ni, sannan na ɗauko mata labarin rumfar hatsi tun daga farko, kamar ba a gidanta aka ƙare shi ba.

Ta bari na kai har inda zabira take faɗuwa, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, wanzamin nan naka, duk zamanmu a garin nan ka taɓa ganin ya zo cin kasuwar Batsari?"

Na yi tunani. Bai taɓa ba. Mutumin da ko bikin 'yata sai da na aika masa mota. Kuma a ce sai a lokacin da hanya ta fi kowane lokaci muni ne zai ɗauko zabira ya zo yawon kasuwa.

Ta ba ni labarin tana yanka kuɓewarta. Ta ce wata rana a makaranta malama ta ce ta kawo hadda, ta buɗe baki sai kuka ya zo maimakon karatu, a gaban mata duka. Da aka tashi matar hedimasta, wadda suke zama layi ɗaya, ta ja ta gefe ta ƙi sakinta sai da ta faɗi abin da ke faruwa a gidanta. Uwargida ta roƙe ta kada in sani, don ta san halina, zan ce ta tona mini asiri a gari. Da matar ta kai wa mijinta maganar, hedimasta ya ba wani direba saƙo zuwa Safana, wanzami ya hau hanya washegarin da saƙon ya same shi. Sauran mutanen kuwa gida gida hedimasta ya bi ya tattaro su. Labarin rumfar hatsi a zaurensa aka tsara shi, shi da wanzami, kafin su taho.

Kunya ta rufe ni, amma bakina bai mutu ba. Na ce to ai da ta bari ma da kaina zan fito, ɗan fushi ne kawai nake yi, ba wani abu ba.

Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Fushi. Tashi ka buɗe sito ka dubo mani kwalaben maganin feshinka."

Gonata tana hanyar Ruma, ta daɗe ba ta nomuwa, don haka rabona da waiwayar kayan feshi tun kafin in kwanta. Na tashi na bi ta cikin yayyafi na buɗe sito. Ga injin feshi a rataye, ga buhunan da na sani, amma katakon da nake jera magungunan ƙwari a kai ba komai sai shatin gindin kwalabe a cikin ƙura. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin. Allah ne shaidata ban taɓa kai tunanina can ba. Amma na tuna yadda nake a kwanakin nan, na kuma san ba zan iya rantsewa a kan inda tunanin zai kai ba da an ƙara wasu makonni.

Da na dawo ta ce ɗaya bayan ɗaya ta riƙa fitar da su a cikin hijabi, tana kai wa matar hedimasta ajiya. Ta ce ita ba ta san abin da ke raina ba, kuma da ta dubi idona ta ga ni ma ban sani ba. Ta ce ko makarantar da take zuwa, tana zaune ne rabin hankalinta yana gida, in ta dawo sai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina ta ji motsina kafin ta cire hijabi.

Na tambaye ta me ya sa duk tsawon wannan lokaci ba ta taɓa gaya mini ba, ta bar ni ina yawo da labarin ƙarya gari gari.

Ta ce, "In gaya maka a ina? Da ka ji sauƙi ai ficewa ka yi. Yau ma ruwa ne ya zaunar da kai."

Ruwan ya ɗauke ba da jimawa ba, har na ji babura sun fara wucewa. Na jawo kujerar tsugunno na zauna kusa da ita, na ɗauki wuƙar da ta ajiye na fara yanka kuɓewar. Ta kalli abin da nake yi ta ce yankan ya yi kauri, ba zai bushe ba. Amma ba ta karɓe wuƙar ba, ta tashi ta ɗauko wata ta dawo ta zauna.